Amanar Sirrin Marayu A Maiduguri: Daga Kundin Takarda Zuwa Kwamfuta

Tun daga shekarar 2009 da fitinar Boko Haram ta ɓarke, da wuya a sami wani gari a Nijeriya da aka rubuta sunayen marayu da zawarawa da 'yan gudun hijira kamar Maiduguri, babban birnin Jihar Borno. Duk yaron da aka kai gidan marayu ko wata cibiyar kulawa, sai an buɗe masa fayil. A ciki akwai sunansa da na iyayensa, da ƙauyen da ya fito, da cutar da yake fama da ita, wani lokaci har da labarin abin da aka yi masa a daji.

A dā irin waɗannan bayanai suna cikin kundi ne, a kulle a kabad. Yanzu kuwa da yawansu sun koma cikin kwamfuta da wayoyin ma'aikata. Wannan sauyi yana da amfani, domin ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta nuna wa mutanen birnin cewa takarda ba ta da tabbas. Sai dai kuma ɓarawon kundi dole ya haura katanga, alhali ɓarawon kwamfuta yana iya yin aikinsa daga wata ƙasa ba tare da maigadi ya ji motsinsa ba.

Nauyin wannan amana ya fi fitowa fili idan aka dubi irin yaran da ake riƙo. Cibiyar Bulumkutu, wadda Ma'aikatar Harkokin Mata ta jihar take gudanarwa da taimakon Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karɓi yaran da sojoji suka saki kafin a mai da su ga danginsu. Haka nan makarantar da lauya Zannah Mustapha ya kafa a 2007, wadda ta sa aka ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017, ta haɗa 'ya'yan waɗanda aka kashe da 'ya'yan mayaƙa a aji guda. Idan asirin irin wannan yaro ya tonu, ba asarar kuɗi ce za ta same shi ba. Tsangwama ce a unguwa, ko rasa mijin aure ga yarinya, ko ma ramuwar gayya a kan laifin da bai sani ba.

Wannan ba zato ba ne kawai. A watan Janairu na 2022 Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ta Duniya ta ba da sanarwar cewa an kutsa cikin na'urorin da take ajiye bayanan mutane fiye da 515,000, waɗanda aka tattaro daga rassa aƙalla 60 a ƙasashe daban-daban. Bayanan na shirin sada iyalan da yaƙi ko bala'i ya raba ne. Bincike ya nuna maharan sun shiga tun watan Nuwamba na 2021, ta wata kafa a cikin manhaja wadda ba a toshe ta da wuri ba, kuma dole ta sa aka rufe na'urorin na wani lokaci. A wannan shekara ta 2022 ƙungiyar ta ce tana da rajistar mutane sama da 25,000 da suka ɓace a Nijeriya, fiye da rabinsu yara. To, idan babbar ƙungiya mai ƙwararru ta gamu da haka, ina ga ƙaramin gidan marayu mai kwamfuta ɗaya wadda kowa ya san kalmar buɗe ta?

Ta fuskar doka, an sami ci gaba. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman a Abuja. Dokar ta ware bayanan lafiya da addini da ƙabila da zanen yatsu a matsayin masu buƙatar tsaro na musamman. Ta kuma ce inda ake buƙatar yarda kafin a yi amfani da bayanan yaro, mahaifinsa ko waliyyinsa ne zai bayar. Idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Wanda ya saɓa yana iya biyan tarar naira miliyan 2, manyan masu riƙe bayanai kuma miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara idan shi ya fi yawa.

Amma doka ba ta kulle kwamfuta. Mafi yawan abin da ake buƙata ba na kuɗi ba ne, na ɗabi'a ne. Kada a rubuta abin da ba a buƙata, domin abin da ba a ajiye ba ba ya satuwa. Kowane ma'aikaci ya sami tasa kalmar sirri, a kuma soke ta ranar da ya bar aiki. A riƙa sabunta manhaja da zarar an fito da gyara. A ajiye kwafi na biyu a wurin da ba ya haɗe da intanet. Fayil ɗin yaro kada ya bi ta dandalin WhatsApp, hotonsa da labarinsa kuma kada a baza su a Facebook da sunan neman taimako, domin hoton zai fi taimakon daɗewa.

Akwai kuma hakki a wuyan masu ba da gudummawa. Wanda ya kai shinkafa da katifu ya kamata ya tuna da kuɗin horar da magatakarda da sayen kwamfuta ta ofis, don kada ma'aikaci ya tafi gida da sirrin yara ɗari a cikin wayarsa.

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maraya ba ya da ikon hana a rubuta labarinsa, ba ya kuma da lauyan da zai kai ƙara idan ya bazu. Saboda haka wanda ya karɓi riƙonsa ya karɓi riƙon sirrinsa, kuma za a tambaye shi duka biyun.