Haɗin gwiwar ƙungiyoyi: garkuwar jarin fataken Arewa a Fatakwal, Anacha da Inugu

Motar albasa da ta taso daga Aliero a Jihar Kebbi sai ta ci fiye da kilomita 1,000 kafin ta sauke kaya a Fatakwal. Idan ta lalace a hanya, ko rikici ya rutsa da ita, jarin mutane da dama ne ke salwanta, domin sau da yawa ƙananan 'yan kasuwa ke haɗuwa su cika mota guda.

Wannan haɗari ne ya sa fataken Arewa suka daɗe da gina tsarin dogaro da juna. A kasuwannin da suke hada-hada, irin su Oil Mill a Fatakwal, Bridge Head a Anacha da Gariki a Inugu, akwai maigida mai saukar baƙo ya tsaya masa, da dillali mai haɗa shi da mai saye, da adashi mai samar da jari, sannan Sarkin Hausawa mai sasanta rigima. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan.

An ga ƙarfin haɗin kan a watan Fabrairun 2021, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta AUFCDN ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha. Farashi ya tashi a Kudu, tumatir kuma ya yi kwantai a Arewa, har aka janye matakin a farkon Maris.

Sai dai tsarin da ya rataya kan amana da sanayya yana da iyaka. Adashi ba ya iya mallakar rumbu da sunansa, banki kuma ba ya ba shi rance. Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 1993 ta ba ƙungiyar da ta yi rajista damar mallakar kadara, ƙulla yarjejeniya da shigar da ƙara.

Babbar riba tana zuwa ne idan ƙungiyoyin yanki guda suka dunƙule. A Mondragon ta ƙasar Sifaniya, inda aka fara a 1956, ƙungiyoyin sun kafa bankinsu, kuma masu riba na tallafa wa waɗanda suka yi asara.

Masu albasa, masu shanu da direbobi a waɗannan birane uku na bin hanya ɗaya, matsalarsu ma ɗaya. Asusun haɗin gwiwa na biyan diyya, ɗakin sanyi na bai-ɗaya da rubutaccen lissafin bashi za su sa asarar mota guda ta daina karya gida guda. Shigar da abokan ciniki 'yan gari cikin ƙungiyar kuwa zai sa zaman lafiyar kasuwa ya zama jarin kowa.