Yadda Matuƙan Jirgin Sama Ke Kauce Wa Karo Bayan Tashi

A kusa da filin jirgi ne hanyar masu hawa ke gifta ta masu sauka. Shi ya sa jami'an kula da zirga-zirga ke ware wa kowane jirgi hanyarsa da tsayinsa, matuƙi kuma ya maimaita umarnin don a tabbatar ya fahimta.

A Nuwamban 1996, jirgin Saudiyya da ya taso daga Delhi ya yi karo da na Kazakistan, wanda ya sauko ƙasa da ƙafa 15,000 da aka ba shi. Mutum 349 suka rasu.

Yau idan jirage biyu suka kusa yin karo, na'urar kauce wa karo ta TCAS kan umarci ɗaya ya hau, ɗayan ya sauko, kuma wajibi ne matuƙi ya bi ta ko da jami'i ya faɗi akasin haka.