Kolin da Ƙwaƙwalwar Jariri Tun Yana Ciki

Kolin wani sinadarin abinci ne da jiki ke gina bangon ƙwayoyin halitta da shi. Hanta tana samar da shi, amma ba ya wadatarwa, musamman ga mai juna biyu, domin daga jininta ɗan tayi yake ɗiba ta mabiyiya don gina ƙwaƙwalwa da laka.

A shekarar 1998, masana a Amurka suka ƙayyade wa mai ciki miligiram 450 a kowace rana. Babban ƙwai guda yana ɗauke da kimanin 147, galibi a gwaiduwa. Ana kuma samun kolin a nama, kifi, waken soya da gyaɗa.

Saboda haka, camfin hana mai ciki cin ƙwai jariri yake ƙwara. Ɗalibai, sai ku isar da wannan saƙo gida.