Yadda Ake Auna Nisan Garuruwa Ta Sama: Misali Daga Kafanchan

A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu zan yi ƙoƙarin bayyana yadda ake gane nisan da ke tsakanin garuruwa biyu ta sama, da dalilin da ya sa yake bambanta da na mota. Zan ɗauki misali daga garinmu, Kafanchan.

Mu mutanen Kafanchan mun saba auna tafiya da hanyar ƙasa, domin tun 1927 garin ya zama mahaɗar layin dogo. Mai zuwa Kano a mota, idan ya bi ta Zonkwa da Kachia ya shiga Kaduna, sannan ya wuce Zariya, zai ci fiye da kilomita 400. Amma a sama babu kwana, babu dutse, babu kogin da za a nemi gada.

Masana sun raba kewayen duniya, wanda ya kai kimanin kilomita 40,000, zuwa digiri 360. Ke nan duk digiri ɗaya da mutum ya matsa kudu ko arewa, ya yi kusan kilomita 111. Kafanchan tana wajen digiri 9.6 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kano kuwa tana digiri 12, kuma kusan a saiti ɗaya suke. Bambancinsu digiri 2.4 ne. Mai karatu ya riɓanya 2.4 da 111, zai samu kusan kilomita 270. Wannan shi ne nisan ta sama.

Haka lissafin yake a nahiyar Amurka. Birnin New York da Bogota, babban birnin Kolombiya, su ma a saiti ɗaya suke, da tazarar digiri 36. Nisansu ke nan kusan kilomita 4,000, tafiyar awa biyar zuwa shida a jirgi. Sai dai a lura, wannan dabara ba ta aiki idan gari ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma, saboda faɗin digirin yana tsukewa yayin da ake kusantar ƙuryar arewa ko ta kudu ta duniya.

To, ina amfanin wannan ga matafiyi? Amfaninsa shi ne ya san lokacin da jirgi zai biya shi. Babu filin jirgin fasinja a Kafanchan, sai mutum ya je Jos ko Abuja ko Kaduna. Idan aka haɗa wannan tafiya da zaman jira da kuɗin tikiti, gajertar da sama ta yi wa hanyar Kano ta tashi a banza. Amma ga maniyyaci mai zuwa Jidda, wanda kakanninsa suka yi watanni ko shekaru a ƙasa, awoyi kaɗan sun ishe shi. Saboda haka kafin mu ce gari yana da nisa, mu tambaya tukuna: ta wace hanya?