Mai Digirin Halayyar Ɗan Adam Yana da Aiki a Gabashin Sakkwato

A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Rabah, jama'a suka kwararo Gandi gudun hijira. A Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40. Ƙauyukan Wurno ma ba su tsira ba. An yi jana'iza, an ɗinke raunuka, amma akwai ciwon da ya rage. Mace za ta je asibitin ƙauye ta ce ƙirjinta na bugawa, barci ya ƙaurace mata, da ta ji ƙarar babur sai gabanta ya faɗi. A gwada jini ba a ga zazzaɓin cizon sauro ba, a ba ta Panadol, mako na zagayowa ta dawo. Wannan baiwar Allah ya kamata matashin da ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam ya tuna kafin ya ce karatunsa ba shi da kasuwa.

Sai dai a gaya masa gaskiya: digiri na farko bai ba shi izinin duba marar lafiya ba. Wasu kan yi sha'awar komawa karatun likita, amma wannan shekara shida ce, ga horon ƙwarewa a gaba, kuma sai mai tushen darussan kimiyya. Jinyar masu taɓin hankali ma sai wanda ya fara zama ma'aikacin jinya. Hanyar da ta fi dacewa da abin da ya riga ya karanta ita ce digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam na asibiti, irin wanda jami'o'in Jos da Ibadan ke bayarwa, sannan ya yi horo a hannun ƙwararru a wuri kamar asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Wanda ya bi wannan hanya ba ya rubuta magani. Aikinsa ya auna yanayin mutum, ya zauna da shi mako bayan mako, ya koya masa yadda zai shawo kan firgici da baƙin ciki, ya kuma gane wanda dole a tura wa likita. Mai sha'awar yara kuwa, Jami'ar Ibadan na da cibiya ta musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa.

Za a ce ina aikin yake? Tambaya ce mai nauyi, domin guraben gwamnati ba su da yawa. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum fiye da miliyan 200, kuma galibinsu suna manyan birane. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan, kuma cibiyoyin gyaran hali na hukumar NDLEA na buƙatar masu ba da shawara. Ƙungiyoyin agaji irin su MSF, wadda ke tallafa wa asibitin cutar noma a Sakkwato, su ma suna aiki da irin waɗannan masu ba da shawara. A Janairun 2023 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Wasu kuma za su ce mutanenmu wurin malam suke zuwa, a yi tofi ko ruƙiyya. Haka ne, kuma a nan ɗan gida ya fi baƙo. Shi ya san cewa dattijuwar Goronyo ba za ta ce tana da ciwon damuwa ba, cewa za ta yi “jikina duk ya mutu”. Ya san yadda zai gaida liman, ya nemi haɗin kansa, a ci gaba da addu'a ana kuma neman magani. Masu cewa yunwa ce kan gaba su dubi uwar da firgici ya hana ta kula da goyonta: ko an ba ta buhun gero, yaron bai tsira daga tamowa ba.

Don haka ya kamata gwamnatin Sakkwato ta ɗauki nauyin digiri na biyu ga 'ya'yan wannan yanki, maza da mata, bisa sharaɗin su dawo su yi aiki a manyan asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo, ta kuma buɗe musu gurabe kafin su dawo.