Dogon hutu a Gyallesu: Wuraren da iyali za su je ba tare da an taɓa aljihu ba

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa wajen tsakiyar Satumba makarantun boko suna rufe, yara suna gida, ruwan sama kuma yana kan ganiyarsa. Ga magidancin da ke zaune a Gyallesu ko Tudun Wada a Zariya, makonnin nan shida ko bakwai suna zuwa ne a lokacin da aljihu ya fi rauni: tsohon hatsi ya ƙare a rumbunan ƙauye, sabo bai iso kasuwa ba, kuɗin makaranta na sabon zango kuma yana jira a bakin ƙofa.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kai yara wurin shaƙatawa na kuɗi ya zama abin da ake lissafawa kafin a yi. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 72,000 da gwamnatin Jihar Kaduna ta amince da shi a 2024 ba zai biya wa yara huɗu kuɗin darasin hutu ba, balle ya ƙara da yawon buɗe ido. Ɗan kasuwa kuwa, ko yana da halin biya, ba ya da lokacin rufe shago. Abin da ya rage shi ne a san me gari yake bayarwa kyauta, kuma yaushe.

Kalanda biyu, hutu ɗaya

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne cewa hutun makaranta yana bin shekarar Miladiyya, manyan tarukan jama'ar Zariya kuwa suna bin shekarar Hijira, wadda ta gaza waccan da kwana goma ko sha ɗaya. Saboda haka abin da ya cika hutun bana ba lallai ne ya cika na shekaru biyar masu zuwa ba.

Yaran da suka yi hutu a 2017 sun ga Babbar Sallah ranar 1 ga Satumba. A 2018 ta faɗo 21 ga Agusta, a 2019 kuma 11 ga Agusta. A waɗannan shekaru iyaye ba su sha wahalar neman abin nuna wa yara ba, domin hawan Sallah da hawan Daushe na masarautar Zazzau sun wadatar: dawaki, lifidi, kakaki da algaita, duk a bakin titi, ba tikiti. Yanzu Sallar ta matsa gaba, ta 2025 ma a 6 ga Yuni aka yi ta. Ƙaramar Sallah, wadda ta zauna a cikin Agusta daga 2011 zuwa 2013, ba za ta komo wannan wata ba sai bayan 2040.

Wanda ya gaji wurin shi ne Maulidi. A 2024 gwamnatin tarayya ta ba da hutunsa ranar 16 ga Satumba, a 2025 ranar 5 ga Satumba. Lissafin kalanda ya ajiye na 2026 a makon ƙarshe na Agusta, na 2027 a tsakiyarsa, na 2028 a farkonsa, gwargwadon yadda ganin wata ya kama. Zuwa 2029 zai koma ƙarshen Yuli, ya fara fita daga hutun. Ke nan na 'yan shekarun nan, watan Rabi'ul Awwal shi ne babban abin da ke tara iyalai a ƙarshen damina.

Tun daga shigowar watan, zawiyoyin Tijjaniyya da Ƙadiriyya da makarantun Islamiyya sukan raya dare da karatun tarihin Manzon Allah (SAW) da waƙoƙin yabo, musamman Ishiriniya ta Alfazazi. Yara sukan hau mumbari su kawo hadisi ko ƙira'a, gidaje su dafa abinci su fitar, kowa ya ci ba a tambayi daga inda ya fito ba. Sai kuma zagaye, inda ɗaliban Islamiyyu ke jerawa da tutocinsu suna ratsa titunan gari. A Kano ana ƙarawa da Takutaha, a Daura da Sallar Gani.

Ba kowane gida ne yake halarta ba. Mabiya ƙungiyar Izala da wasu malamai ba su yarda da bikin ba, kuma a unguwa irin Gyallesu, inda mabiya fahimtoci daban-daban suke maƙwabtaka, kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya. Ga masu halarta kuma akwai wani tarko da ya kamata a ambata: anko. Taron kansa kyauta ne, amma da zarar makaranta ta fitar da yadin da kowane ɗalibi zai ɗinka, uban yara biyar ya shiga lissafin da ya fi na darasin hutun da ya guje wa. Makarantun da suke barin yara su fito da kayan makarantarsu na kullum sun fi kyautata wa iyaye, kuma zagayensu bai rage armashi ba.

Gidajen Kirista a Tudun Wada, Sabon Gari da Wusasa su ma suna da nasu: coci-coci da dama sukan shirya wa yara makon karatun Littafi Mai Tsarki da wasanni a cikin hutu, sau da yawa ba tare da kuɗin shiga ba.

Birnin da ke bayan Ƙofar Doka

Tudun Wada unguwa ce da Turawan mulkin mallaka suka yanka a farkon ƙarni na 20 domin 'yan Arewa baƙi waɗanda ba 'yan cikin ganuwa ba, kamar yadda aka yanka Sabon Gari domin waɗanda jirgin ƙasa ya kawo daga Kudu. Wani abu na wannan rabuwa ya saura har yau. Akwai yaran da aka haifa a Gyallesu, suka iya hanyar Kongo da ta kwalejin ilimi ta tarayya da aka ɗaga zuwa jami'a, amma ba a taɓa ɗaukar su musamman aka nuna musu cikin birni ba, alhali Ƙofar Doka tana nan kusa.

Ganuwar Zazzau, wadda baka ke dangantawa da zamanin Sarauniya Amina, ta zaizaye a wurare da yawa, wasu sassan ma gidaje sun hau kanta. Duk da haka sunayen ƙofofin suna nan: Doka, Kibo, Tukur-Tukur, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Galadima da Jatau. Uban da ya keɓe safiyar Asabar biyu ko uku ya zagaya da 'ya'yansa wasu daga cikinsu, yana tambayar dattawan da ke zaune a bakin kowace ƙofa ina hanyarta ta nufa a da, ya ba su darasin da babu shi a manhaja. Dattawan nan ba sa karɓar komai sai gaisuwa.

Daga Ƙofar Doka hanya ta bi ta Babban Dodo ta kai ƙofar fada, mai zanen gargajiya kala-kala da hotonsa ya zagaya duniya. Ranar Juma'a ce ta fi dacewa, domin a nan ake ganin dogarai da hakimai da makaɗan fada. Tsohuwar al'adar fadar ma ta haɗa da kiɗan daren Juma'a da ake kira sara. Sarkin yanzu, Malam Ahmed Nuhu Bamalli na gidan Mallawa, ya hau gadon ne a watan Oktoban 2020 bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris, wanda ya yi shekara 45 yana sarauta. Yaron da ya ji sunayen gidajen sarauta huɗu, wato Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, a gaban ƙofar da suke shiga, ba zai manta da su da wuri ba.

A gefen fadar ne Masallacin Juma'a yake, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a shekarun 1830. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashensa ya rufta a kan masu sallar La'asar, mutane da dama suka rasu, daga baya aka ƙaddamar da gidauniyar sake gina shi. Watan da abin ya faru abin lura ne ga duk mai yawo da yara a tsofaffin unguwanni: katangar ƙasa da ta sha ruwan Agusta ba wurin fakewa ba ce, ko da ta shekara ɗari a tsaye.

A wajen gari ta yamma akwai Dutsen Kufena, a gindinsa kuma Wusasa, inda cocin St. Bartholomew da aka gina a 1929 da tsarin ginin Hausa yake, kuma inda Janar Yakubu Gowon ya tashi. Hawan dutsen ba ya cin kuɗi, amma yana santsi bayan ruwa, sannan gefen Zariya ya ga hare-haren masu garkuwa da mutane, ciki har da wanda aka kai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021. Da rana ake zuwa, a cikin ayari, bayan an tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a makon.

Ranar Hausa da zaure

Ranar 26 ga Agusta ita ce Ranar Hausa ta Duniya, wadda ɗan jarida Abdulbaqi Jari da abokansa suka faro a shafukan sada zumunta a 2015, kafin ta girma ta kai ga taruka a fadojin sarakuna da ƙasashen waje. Babu garin da ya fi Zariya hujjar raya ta. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, daga nan kuma littattafan Yaƙi da Jahilci suka bazu cikin Arewa. Kusan makonni biyu bayanta, 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ce ta duniya.

Raya irin waɗannan ranaku ba ya buƙatar ɗakin taro ko babban baƙo. Zaure ɗaya, tabarma biyu, tsohon kwafin Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja, da wata kaka da ta iya tatsuniya sun isa. A ƙara da gasar karin magana da kacici-kacici tsakanin layi da layi, wanda ya ci a ba shi gasasshiyar masara, wadda a wannan lokaci take ko'ina. Gyallesu na da abin da unguwanni da yawa ba su da shi: malamai da ɗaliban koyon aikin malanta suna haya a cikinta, ga ɗaliban shari'a da na harkokin mulki a Kongo. Ƙungiyar unguwar da ta roƙi biyu ko uku daga cikinsu su ba da sa'a biyu a mako, a ajin makarantar firamare da ke rufe, bayan neman izinin hukumar makarantar, ta samar da darasin hutu ga 'ya'yan waɗanda ba za su iya biya ba.

Wasannin dandali kuwa, irin su langa, carafke, 'yar gala-gala, gaɗa da dara, ba rashin sha'awar yara ne ya raunana su ba. Fili ne ya ƙare. Kowane kango an gine shi, abin da ya rage sai filayen makarantu, inda samari ke buga gasar ƙwallon unguwanni da yamma. 'Yan mata ne suka fi asara, domin ƙwallo ta cinye filin, ba a bar musu ko kusurwa ba. Mai unguwa da shugaban makaranta za su iya gyara wannan da magana ɗaya, su keɓe musu yammaci guda a mako.

Ruwa, sauro da kwata

Zariya na samun ruwan sama da ya kai kusan milimita 1,000 a shekara, kuma Agusta ne ke ɗaukar kaso mafi girma. Wannan shi ne lokacin marka. Kogin Kubanni, wanda ya taso ta Samaru ya ratsa gari kafin ya faɗa Galma, yakan zama ɗan rafi a rani, amma a marka yana cika cikin sa'o'i kaɗan, ko da ba a yi ruwan a unguwar ba, muddin an yi shi a sama. Shi da kududdufan da aka haƙi ƙasar gini su ne wurin wasa na kyauta da ya fi jan yaran da ba a shirya musu komai ba, kuma su ne mafi haɗari.

Aikin gayya na yashe kwata, wanda tsofaffi ke tunawa da shi tun tsaftar muhallin Asabar ɗin ƙarshen wata ta zamanin Buhari da Idiagbon, yana da amfani biyu a nan: yana buɗe wa ruwa hanya, yana kuma rage matattarar sauro. Samari 'yan hutu su ne ƙarfinsa, ƙanana kuma a nisanta su daga bakin magudana.

Akwai kuma wani abu na kyauta da yake zuwa har ƙofar gida a wannan lokaci, wanda yawon hutu kan sa a rasa. Shi ne maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi tun 2012, kuma Kaduna tana cikin jihohin da ake raba shi. Ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a kowane wata cikin watannin ruwa. Ma'aikatan lafiya sukan ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyun da suka biyo baya, kuma kariyar zagaye ɗaya ba ta wuce kimanin mako huɗu. Iyalin da za su tura ƙananan yara ƙauye wurin kakanni, ko su tafi ziyarar Maulidi wani gari, ya kamata su tambayi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ranar da zagaye na gaba zai fara, su kuma sa katin yaron a cikin kayan tafiyarsa.