Motar Da Ta Dace Da Ɗaukar Karnuka

Masu ɗaukar kare a abin hawa a Tudun Wada da kewayen Zariya ba su wuce kashi uku ba. Akwai mafarauta, waɗanda ke fita dawa da rani idan an gama kawar da amfanin gona. Akwai masu karnukan gadi da ke kai su asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Sai kuma fatake da ke sayen karnuka suna kai wa kasuwar Dawaki da ke Kanke a Jihar Filato. Buƙatunsu sun bambanta, amma abin da ke kashe kare a hanya ɗaya ne, wato zafi da rashin iska.

An daɗe ana cewa kare dabba ce mai taurin rai, ko ina aka cusa shi zai kai. Wannan magana ce ta sa ake ganin an ɗaure wa kare baki da igiya, an jefa shi cikin buhu an ɗora a bayan babur, ko an danna uku ko huɗu a but ɗin Golf an rufe da tsakar rana. Idan an isa aka tarar ɗaya ya mutu, sai a ce dama ba shi da lafiya, ko a ɗora wa sammu. Gaskiyar ita ce mai shi ne ya kashe shi.

Jikin kare bai yin gumi irin na mutum, in ban da ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Hanyarsa ta sanyaya jiki ita ce haki: ya buɗe baki, ya zaro harshe, iska ta riƙa busar da damshin bakin tana tafiya da zafi. Wanda ya ɗaure masa baki tamau ya toshe wannan hanya ke nan. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39. Idan ya haura 41, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji sun fara lalacewa, kuma ko an fito da shi da rai yana iya mutuwa bayan kwana ɗaya ko biyu. A watan Maris da Afrilu zafin Zariya kan wuce digiri 35 a inuwa. Motar da aka ajiye a rana a rufe kuwa, cikinta kan ƙaru da kusan digiri 10 a minti goma kacal, kuma sassauta gilashi kaɗan bai hana hakan. But ya fi muni, domin babu taga, ga shi kusa da salansa, a tsohuwar mota hayaƙi na iya shiga ya shaƙe dabbar ba tare da direba ya ji ko motsi ba. Juriyar da karen gida ke nunawa a daji, inda yake da inuwa da rafi da 'yancin kwanciya, ba ta da amfani a cikin akwatin ƙarfe. Karnukan ƙasashen waje masu gajeren hanci ko yawan gashi ma sun fi saurin galabaita.

Abin takaici shi ne mafaraucin da ya shekara yana ciyar da karensa, yana alfahari da shi a gaban Sarkin Baka, shi ne zai yi ƙyashin kuɗin keji. Addini ma bai yarda da wannan ba. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne ga kowane ɗalibi.

Ga mai karnuka da yawa, a-kori-kura ce ta fi dacewa, amma da sharaɗi. A sa kejin waya a ɗaure shi da jikin motar, kowane kare ya samu wurin tsayawa da juyawa da kwanciya. A yi rumfa da tamfol daga sama, a bar gefe a buɗe. A shimfiɗa katako ko tabarma ko buhun algarara da aka jiƙa, domin ƙarfen bayan mota yana ƙona tafin ƙafa. Kada a ɗaure kare da doguwar igiya a buɗaɗɗen baya, yana iya tsalle ya rataye. Mai kare ɗaya ko biyu, mota mai buɗaɗɗen baya ta ciki irin Sharon ta wadatar, tunda iskar da fasinja ke sha ita karen ke sha. Keke Napep ya isa kai kare daga Tudun Wada zuwa Samaru in yana cikin keji. Babur kuwa sai dai ɗan kwikwiyo a kwando.

Lokacin tafiya ma yana da muhimmanci. A tashi bayan sallar asuba ko a bari sai la'asar sakaliya. Kada a cika wa kare ciki dab da tashi, don yana jawo amai. A riƙe jarkar ruwa da kwanonsa na daban, a tsaya duk bayan awa biyu a shayar da shi a inuwa. A raba karnukan da ba su saba da juna ba, da karyar da ke neman barbara. Idan dole sai an sa takunkumi, a sa mai raga wanda zai bar shi ya yi haki. Karen da ya fara dalalar da miyau mai kauri, dasashinsa ya yi ja wur, yana tangaɗi, a sauke shi nan take, a kwara masa ruwa mai sanyi a ciki da cinyoyi, a yi masa fifita, sannan a nufi likita.

Saura batun lafiyar mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma mota ce ke kai cutar daga gari zuwa gari cikin yini guda. Saboda haka a yi wa kare allurar rigakafi tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa, a ajiye katin a mota. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin wannan allura. Wanda kare ya ciza wajen lodi ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Bayan an sauke karnuka, a wanke motar da maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda kaska da ƙuma.